Man Kaɗanya a Jikin Farin Dutse

Zuwa ga Gwaggona, ƙanwar mahaifina, mazauniyar Fatakwal ba da son ranta ba.

Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, gwiwa a ƙasa, hula a hannu. Yaya ƙarfin jiki? Yaya idanun? Yaya baƙunta, da ruwan nan nasu da aka ce bai san rani ba? Ina fata Rifkatu tana riƙe ki yadda ya kamata. Na san ita za ta karanta miki wannan takarda tun da ido ya ƙi, na kuma san halin 'yar taki, za ta tsallake duk inda na taɓa ta, don haka ba zan ɓata tawada a kanta ba. Mutanen gida suna lafiya. Rake ya yi kyau bana tun daga Gazara har Kudan, masu mazarƙwaila sun hura wuta, ƙamshin yana tarbar mutum tun kafin ya shiga Makarfi.

Abin da ya sa na rubuto, na kuma ajiye takardar a inda kowa zai iya leƙawa, maganar Maryamunki ce. An gama ginin sabon cocinku. Kwamiti ya zauna ya ce kafin a shigar da ita ciki sai an wanke ta, ta koma fara fat yadda ta zo. Wato a cire man da kika yi shekara da shekaru kina shafa mata. Da suka tashi neman mai aikin kuma ba su ga kowa ba sai ni, don ni ne ɗan garin da ke sayar da tayil da mabul a Kaduna. Kada gabanki ya faɗi tukuna. Ki gyara zama in kawo miki shi daki-daki.

Saboda masu leƙe, bari in faɗi abin da kika fi ni sani. A cocin ƙauyenmu, can bayan Kurmin Kogi, akwai wata sassaƙa ta farin dutse, tsayinta bai wuce ƙirjin mutum ba. Mace ce a zaune cikin lulluɓi, da gawar ɗanta, babban mutum, kwance a cinyarta. Ku kuna ce mata Maryamu, mu muna cewa Nana Maryam. A wurinku an kashe ɗan, an sauko da shi an miƙa mata. A wurinmu ba a kashe shi ba, Allah ya ɗauke shi. Ni da ke ba mu taɓa daidaitawa a kan wannan ba, ban kuma taɓa fasa cin tuwonki saboda shi ba. Ni ba na durƙusa wa dutse, ke ma kin sha gaya min ba dutsen kike roƙo ba. Amma ni mutum ne da ke cin abinci a jikin dutse, idan na ga aikin gwani ba na iya yi kamar ban gani ba.

Ke kika ba ni tarihinta, muna ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗakinki, a shekarun da Inna ta rasu Baba ya kawo ni hannunki. Kika ce wani Fada, limamin coci, Bature ne ya zo da ita daga ƙasarsu, inda akwai tsauni da duk jikinsa irin wannan dutse ne. Ta sha jirgin ruwa zuwa Ikko, ta hau jirgin ƙasa zuwa Zariya, motar auduga ta sauke ta a Ikara. Daga nan sai amalanken shanu, an dunƙule ta cikin auduga kamar mai karaya. A tsallaken rafi ƙafar amalanken ta zame, ƙaramin yatsan uwar ya ɓalle, aka liƙe shi da siminti. Har yau yatsan nan toka-toka yake, ya ƙi bin 'yan'uwansa.

Kika ce da aka kwance ta, Kaka, mahaifinku, ne ya fara matsowa. Lokacin shi bai shiga coci ba, bai shiga masallaci ba, yana nan kan na iyaye. Ya jiƙa yatsa da yawu ya goga ya ɗanɗana, don a zatonsa gishiri ne, har ya fara faɗa wai Nasara sun ɓarnatar da abin da zai ishi shanun gari. Da ya ji babu ɗanɗano ya ce, "Dutse ba ya lasuwa, ba ya niƙa, an ɗauko shi daga bangon duniya don me?" Amma kika ce bai tafi ba. Ya sami gindin bishiya ya zauna yana kallon ta har rana ta karkata.

Ke kuwa, kina budurwa a lokacin, kika ce kunya ce ta kama ki a madadinta. Ɗan fari ne fa, kuma ga ta ta rungume shi a gaban jama'a, ba ko kara. Duk sanda kika zo nan a labarin sai ki rufe baki da gefen zane kina dariya. Wannan dariyar ta kafin maganar Bulus ce.

Sai da na shiga harkar dutse na san abin da muke da shi a ƙauye. Gwaggo, na ga mabul, wato irin wannan dutse na ado, iri-iri, na shimfiɗa shi a falon masu kuɗi da harabar masallatai, na san na ƙwarai na san na garwaye da ake shafa wa ƙyalli a cuci baƙo. Dutsen Maryamunki na ƙwarai ne, irin wanda haske ke shiga cikinsa kaɗan kafin ya dawo, shi ya sa yake kama da fata ba da bango ba. Kuma guda ɗaya ne, uwa da ɗa, ba haɗi. Mai aikin ya ɗauki abin da idan ka kuskure masa bugu ɗaya shi ke nan, ya mayar da shi zane mai lanƙwasa da naɗi. Ya fitar da jijiya a bayan hannun mamacin. Inda yatsunta suka tallafe shi a ƙarƙashin hammata, naman ya ɗan tattaru, yadda yake yi idan an ɗaga mai nauyi. Wanda bai taɓa ɗaukar gawa ba, ba zai san da wannan ba.

Akwai kuma inda na kama shi da dabara, na ce wannan mutum da a Makarfi aka haife shi da dillali ya zama. Ƙaton namiji ba ya zama a cinyar mace, ko'ina sai ya zubo. Sai ya faɗaɗa mata cinya, ya ɓoye faɗin a cikin tarin zane. Da za ta miƙe tsaye, da sai ta sunkuya za ta fita ƙofa. Amma ido bai taɓa kama shi ba, don ido yana can kan fuskar.

Fada na yanzu, matashi ne mai fara'a, ba ki san shi ba, ya zo bayan tafiyarki. Ya yi min bayanin ma'anoninta yadda aka koya musu. Ya ce farin tsarki ne. Ya ce an yi fuskarta ƙuruciya, kamar ta girmi ɗan da kaɗan ko ma ba ta girme shi ba, don zuciyar da ba ta ɗauki ƙazanta ba ba ta tsufa. Ya ce hannunta na hagu da ke buɗe, tafin yana kallon sama, miƙa ɗan take ga duniya. Na saurara da ladabi, bayani ne mai tsari. Amma ni naki na riƙe. Kin ce fuskar ƙuruciya ce don ranar da ɗa ya mutu uwa komawa take ranar da ta haife shi. Kin ce hannun ba miƙawa yake ba, hannun wadda aka karɓe wa abu ne, bai riga ya san ya rufe ba.

Ba na son tayar miki da ciwo, amma labarin ba ya tafiya sai da Bulus.

Ɗanki na fari, taubashina, wanda ya yi ta kira na bawansa har muka yi gemu, ni kuma ina ce masa kayan gadona. Ban taɓa jin sunansa a bakinki ba. "Wancan" kike cewa, ko "mutumin nan". Idan ya dawo daga tafiya ni kike tambaya ko ya ci abinci, alhali yana tsaye a gabanki. Ni kike wa wanka, ni kike ɗorawa a cinya, ni kike tashi da asuba ki ce in je masallaci kada limamin Baba ya riga ni. Shi kuwa ko kansa ba ki taɓa dafawa a gaban mutane ba. Haka aka tarar, haka kowace uwar kirki take yi da ɗan fari, mu duka mun san ba ƙi ba ne.

Ranar da ya faɗo daga saman motar rake a hanyar Kano, da hantsi aka kawo shi. Ni na riƙe ƙafafun. Muka kwantar da shi a tabarma a tsakar gida, mata suka cika wurin, ke kina ɗaki. Ba ki fito ba. Ba a ji kukanki ba. Tsofaffi suna ta yaba miki, wai 'yar gidan mutunci, ko a yau ba ta zubar da kunya ba. Ni ma a lokacin na ji daɗin yabon. Amma da na zo wucewa iska ta ɗaga asabari, na hango ki zaune a bakin gado, hannuwanki biyu a kan cinya, babu komai a cikinsu. Muka ɗauke shi muka kai shi, ba ki taɓa shi ba.

Bayan an share makoki kika karɓi sharar coci ranar Asabar, ba wanda ya sa ki. Daga shara aka fara ganin ki da ɗan gwangwanin man kaɗanya a ƙugu. Da aka tambaye ki, kika ce jikin matar nan ya bushe, mai zaman makoki ba ta tuna shafa mai, sai an shafa mata. Kin yi mata abin da kike wa akushi da sabuwar ƙwarya, abin da kike wa ƙafata idan ta yi faso. Ki narkar da man a tafin hannu, ki bi goshi, ki bi kumatu, ki bi yatsu ɗaya-ɗaya har da na simintin, ki gangara zuwa ƙafa.

To, Gwaggo, a nan kam kuskure ne, kuma ba zan fasa faɗa ba don kina nesa. Maiƙo shi ne babban abokin gaban mabul. Dutsen yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, yana shan mai yadda burodi ke shan shayi. Da na fara koyon sana'a na zo da zafina na karanta miki wannan karatu a tsakar gida. Kika bari na gama, kika ce, "Ita ce ta kawo maka ƙara?" Bulus ba ya nan da zai taya ni, na tattara ilimina na koma Kaduna.

Ga abin da kuskuren naki ya haifar. Uwar ta rine a hankali, daga fari zuwa ruwan zuma, daga nan zuwa launin mazarƙwailar farko, wadda ba ta sha wuta sosai ba. Ta zama kalar matan da ke durƙusawa a gabanta. Ɗan kuwa yana nan fari kamar likkafani, don ko sau ɗaya hannunki bai sauka a kansa ba. Mai sassaƙar ya yi su da dutse ɗaya, launi ɗaya, daga nesa sai ka matso za ka san wa ke da rai. Ke kika raba su. Yanzu tun daga bakin ƙofa mutum zai ga mai rai tana riƙe da wanda ya tafi. Inda yatsunta masu duhu suka kwanta a kan farin haƙarƙarinsa, na tsaya a nan fiye da yadda ya kamata Musulmi ya tsaya, Allah ya yafe min. Na taɓa tambayar ki me ya sa ba kya shafa wa ɗan. Kika ce, "Ba a shafa wa gawa mai." Na dai san ba shi ke nan dalilin ba.

Yanzu ga maganar kwamiti. Shugabansu Malam Ishaya ne, wanda ya koyar da ni a firamare, kin san shi da son abu ya tafi a kan layi. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Ya ce manyan baƙi za su zo buɗe coci, ya ga hotunan irinta a waya duk farare tas, ba ya so a ce mutanen ƙauye an ba su abu mai daraja sun mayar da shi tukunyar miya. Ya tambaye ni, "Ɗanlami, man nan zai fita ko ba zai fita ba? Ban da zagaye-zagayenka na kasuwa."

Na ce sai na gwada. Na zaga bayanta, can ƙasa wajen gefen lulluɓi inda ba a gani, na kwaɓa alli da maganin da muke jan mai da shi, na liƙa, na rufe da leda. Da na dawo wani mako na ɓamɓare, wurin ya yi fari, faɗin bakin kofi. Zai fita, Gwaggo. Duka zai fita.

Na yi tunanin in ce musu ba ya fita. Amma Malam Ishaya ba zai tsaya a bakina ba, zai nemo wani daga Kano, wanda zai zo da ruwan batir ya cinye mata hanci da leɓe. Na yi tunanin in roƙe su. To, Musulmi yana roƙo a kan sassaƙar coci, kuma a kan aikin gwaggonsa, wa zai saurare shi? Sai na tuna abin da na koya a kasuwar shanu ta Makarfi tun ina bin dillalai. Manomi zai kawo sa ya rantse yau sai ya rabu da shi. Idan kana so ya sayar, ka kushe. Idan kuwa ka kuskura ka nuna zumuɗi, ka shafa tozo, ka ce a ba ka ko nawa ne, nan take zai ja igiyarsa ya koma gida, ya kwana yana tunanin me ka gani da shi bai gani ba.

Ranar Lahadi bayan sun tashi aka zauna a gindin mangwaro, 'yan kwamiti a benci, matan zumunta a tabarma, Fada a gefe. Na nuna musu farin wurin, na ce yana fita. Sannan na sassauta murya na ce amma me zai sa su wahala? Ni zan kawo musu sabuwa daga Ikko, fara sol, ta fi wannan girma, kyauta, har kuɗin mota nawa. Wannan tsohuwar mai dauɗa kuma, don kada ta tare musu wuri, sai in ɗauke musu ita yadda take. Na ƙara da cewa kada ma a taɓa ta da komai, a bar min ita da manta.

Malam Ishaya ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya dube ni irin duban da yake min idan na kawo aikin gida da rubutun wani.

Ya ce, "Yadda take?"

Na ce, "Yadda take, Malam."

Ya ce, "Da man?"

Na ce, "Ai don in rage muku aiki ne."

Ya juya ga jama'a ya ce, "Yaron nan tun yana aji uku ya musanya wa ɗan hedimasta sabon biro da tsinken rake, kuma ɗan hedimastan ya tafi yana godiya. Yau shi ne zai ba mu sabo ya karɓi tsoho don Allah? Kuma ya ce da man. To, man ne kuɗin."

Wata daga cikin matan ta ce dama ita tun farko ba ta yarda da wankin nan ba. Wata ta ce ita ma haka. Kafin a jima babu wanda ya taɓa goyon bayan wankin, har na fara tambayar kaina ko wa ya kira ni daga Kaduna. Malam Ishaya ya yanke cewa ba a sayarwa, ba a musanyawa, ba a wankewa, kuma duk sanda aka ga motata a kusa da coci a sa ido. Na ɓata fuska yadda ya dace da wanda ciniki ya kuɓuce masa. Fada ya sanar da hukuncin a gaban jama'a a makon da ya biyo baya, don haka idan Malam ya karanta wannan takarda ya makara, kuma na san zai ce dama ya gane.

Fada kam ya gane tun a wurin. Ya rako ni bakin mota yana murmushi, ya ce, "Alhaji, da mun amsa fa? Ina za ka kai ta?"

Gwaggo, duk dabarata ta kasuwa wannan ne kaɗai ban lissafa ba. Shagona jikin masallaci yake. Gidana kuma kin san surukarki. Tun daga Ikara har Zariya ina tuƙi ina lissafin abin da na kusa jawo wa kaina. Abin da na iya samowa shi ne, da sai dai in sake dunƙule ta cikin auduga in biyo ki da ita Fatakwal, don hannunki ba ya bukatar ido kafin ya gane ta.

An shigar da ita sabon gini. Sun ajiye ta kusa da taga ta gabas, hasken safe yana sauka a kumatunta. Ba a shafa mata komai ba tun tafiyarki, amma launin bai gushe ba, ya riga ya zauna.

Saura farin tabon da na yi a bayanta. Na ce wa shugabar matan zumunta su ɗan goga masa mai ya bi sauran, abin ba wuya. Ta dube ni ta ce ba za su taɓa ba. Ta ce mai aikin tana nan da ranta, ba a karɓar aikin mutum yana raye.

Don haka kin ji, akwai aiki yana jiran ki a gida. Ki sha maganin da Rifkatu ke ba ki, ki daina ɓoye shi a ƙarƙashin filo, an gaya min. Idan likita ya sake ki, ni zan zo da kaina in ɗauko ki, in kai ki har bakin ƙofa, in tsaya a waje in jira ki komai daɗewarki.

Allah ya ba ki lafiya, ya buɗe idanunki, ya sanyaya miki abin da kika riƙe a ciki ba ki faɗa ba. Allah ya saka miki riƙon da kika yi wa maraya, ya dawo mana da ke kan ƙafafunki. Amin.

Ni ne ɗanki na cinya,
Ɗanlami.